Wasan FTA da Gidajen Gahawa na Sojoji: Tambayoyi da Amsoshi kan Nishaɗin Adawa da Yaƙin Biyetnam

A shekarar 1971, lokacin da Amurka ke tsundum cikin yaƙin Biyetnam, wasu 'yan fim da mawaƙa da masu barkwanci sun haɗa ayari suna bin garuruwan da ke maƙwabtaka da barikokin soja, suna yi wa ƙananan sojoji wasan da ke cewa yaƙin ba shi da amfani, a dawo da mutane gida. Babu wata doka da aka kafa da sunan haramta wannan wasa, amma duk inda ya nufa sai ya tarar an riga an rufe masa ƙofa. Tambayoyin da ke ƙasa sun duba yadda wasan ya samo asali, da hanyoyin da hukumomi suka bi wajen takura shi.

Mene ne wasan FTA, kuma su wa suka kafa shi?

FTA wasan dandali ne da ya haɗa gajerun wasannin kwaikwayo, waƙoƙi, barkwanci da karatun wasu rubuce-rubuce, kuma an shirya shi musamman domin sojojin da ke bakin aiki. Wanda ya kawo shawarar shi ne Howard Levy, likitan fata wanda ya taɓa zama kyaftin a rundunar sojan ƙasa. A 1967 kotun soja ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 3, saboda ya ƙi koyar da aikin jinya ga dakaru na musamman da za a tura Biyetnam, sannan ya soki yaƙin a gaban na ƙasa da shi. Bayan ya fito daga kurkuku ne ya gabatar wa 'yar fim Jane Fonda da tunanin, ita kuma ta jawo Donald Sutherland, ɗan fim haifaffen Kanada wanda sunansa ke tashe a lokacin. A wasannin farko an ga Dick Gregory mai barkwanci, da Peter Boyle, da mawaƙiya Barbara Dane. Daga baya ayarin ya sake fuska, aka samu Holly Near, Len Chandler, Rita Martinson, Pamela Donegan, Michael Alaimo da Paul Mooney, domin masu shirin sun so mata da baƙar fata su ƙara yawa a kan dandali, kamar yadda baƙar fata suke da yawa a cikin masu kallo.

Haruffan nan uku daga wajen sojoji aka aro su. Masu ɗaukar kurata suna da wani take da ke yi wa matasa alkawarin nishaɗi da tafiye-tafiye da kasada, kuma kalmominsa uku na Ingilishi suna farawa da F da T da A. Sojoji suka juya haruffan zuwa ashar da suke zundumawa rundunar, suna rubutawa a bangon bayan gida da kan hular kwano. Masu wasan kuwa, idan suna gaban 'yan jarida, sai su ce ma'anarsu a 'yantar da sojoji.

Ai sojojin Amurka suna da masu nishaɗantar da su. Me ya kawo buƙatar wani wasa dabam?

Gaskiya ne. Tun 1941 akwai ƙungiyar USO da ke kai taurari barikoki da fagen daga, kuma wanda ya fi kowa suna a wannan aiki shi ne Bob Hope, wanda ya riƙa zuwa Biyetnam duk lokacin Kirsimeti daga 1964 har zuwa 1972. Rundunar ce ke ɗaukar ayarinsa a jiragenta, ta tara masa dubban sojoji, sannan a nuna wasan a talabijin a gida. Barkwancinsa yakan ɗan taɓa janar-janar, amma ba ya ketare iyaka, kuma goyon bayansa ga yaƙin da kuma ga Shugaba Richard Nixon ba ɓoyayyen abu ba ne. A ƙarshen 1969, a sansanin Lai Khe, da ya shaida wa sojoji cewa shugaban ƙasa yana da shirin kawo ƙarshen yaƙin, sai wasu suka yi masa ihu.

Hujjar masu FTA a nan take. Sun ce tunda an yarda wasan da ke goyon bayan manufar gwamnati ya shiga bariki da kuɗin jama'a, ba za a ce an hana nasu ne don siyasa ba ta shiga bariki ba. Siyasa ta daɗe da shiga, ɓangare ɗaya ne kawai ake buɗe wa ƙofa.

Wane hali rundunar ke ciki a lokacin?

Tana cikin mawuyacin hali. Yawan sojojin Amurka a Biyetnam ya kai ƙololuwa a watan Afrilun 1969, lokacin da ya haura 540,000, daga nan aka fara janyewa sannu a hankali. Janyewar ta zo da tata matsalar, domin matashin da aka tilasta wa shiga soja ya san ƙasarsa ta yanke shawarar fita daga yaƙin, ga shi kuma ana tura shi sintiri inda zai iya mutuwa a kowace rana. Gudu daga aiki ya ƙaru ƙwarai, har a 1971 ana samun sama da mutum 70 cikin kowane 1,000 na sojan ƙasa sun tsere. Shan ƙwayar heroin da tabar wiwi ya yaɗu, rikicin launin fata ya tsananta a barikoki da jiragen ruwa, kuma an samu ɗaruruwan hare-haren gurneti da ƙananan sojoji suka kai wa na gaba da su.

A watan Yunin 1971 wani kanar mai ritaya, Robert Heinl, ya buga maƙala a wata mujallar harkokin soja inda ya ce rundunar tana dab da rushewa, ya kuma ƙirga jaridun ɓoye 144 da sojoji ke bugawa ko ake bugawa dominsu. Mutumin nan ba mai adawa da yaƙi ba ne, shi ya sa maganarsa ta yi nauyi. Duk wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa kwamandoji suka tsorata da wasan barkwanci, sai ya fara da wannan yanayi.

Mene ne gidajen gahawa na sojoji, kuma mece ce alaƙarsu da wasan?

Su ne ƙashin bayan tafiyar. Garuruwan da ke gefen barikokin Amurka a wancan zamani cike suke da mashaya, gidajen karuwai, masu ba da bashi da jingina, da 'yan kasuwar da ke jiran ranar albashi su tatse kurtu. Wani tsohon sojan ko-ta-kwana mai suna Fred Gardner ya ga cewa matashin da ba ya son waɗannan wurare ba shi da inda zai je. A farkon 1968 shi da abokan aikinsa suka buɗe gidan gahawa mai suna UFO a birnin Columbia na jihar Carolina ta Kudu, kusa da barikin Fort Jackson. Ana sayar da gahawa da araha, ana sa faifan kiɗan zamani, ana ajiye jaridun da ba a samu a bariki, wani lokaci kuma a samu lauya da zai yi wa soja bayanin haƙƙinsa kyauta.

Cikin 'yan watanni irinsa suka bazu. An buɗe Oleo Strut a Killeen ta jihar Texas kusa da Fort Hood, da Shelter Half a Tacoma kusa da Fort Lewis, daga baya kuma Haymarket Square a Fayetteville kusa da Fort Bragg, da Covered Wagon a Mountain Home ta jihar Idaho, gefen wani sansanin sojan sama. Wata ƙungiya mai suna United States Servicemen's Fund, wadda ake taƙaita sunanta da USSF, ita ce ke tara musu gudummawa, kuma ita ce ta tsaya wa wasan FTA. Ma'aikatan waɗannan gidaje da sojojin da ke zuwa cikinsu ne ke nemo zauren da za a yi wasa, su yaɗa labari a bariki daga baki zuwa kunne, su kuma faɗa wa marubutan wasan abin da ke damun sojojin wannan wuri.

Me ake nunawa a wasan da har ya tayar da hankali?

Mafi yawansa shaguɓe ne ga rayuwar bariki: hafsan da ke mayar da kurtu ɗan aiken gidansa, likitan da ke cewa mara lafiya ya koma bakin aiki, wariyar da ake nuna wa baƙar fata wajen ƙarin girma da horo, da wulaƙancin da mata sojoji ke sha. Sutherland yakan kwaikwayi mai sharhin wasanni a rediyo, yana ba da labarin gumurzu tsakanin sojojin Amurka da mayaƙan Biyetnam kamar wasan ƙwallo, yana ƙirga gawa a madadin maki. Akwai kuma wani ɗan wasa da ya yi suna, inda uwargidan shugaban ƙasa ke sanar da mijinta cewa masu zanga-zanga sun kewaye fadar, shi kuma ya ce a kirawo sojoji, sai ta amsa masa cewa ai sojojin ne suka kewaye su. A ƙarshe akan bar raha, Sutherland ya karanta wani yanki na littafin Dalton Trumbo kan sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya rasa hannuwa da ƙafafu da fuska.

Idan aka auna shi da ma'aunin fasaha, ba wasa ne mai zurfi ba, kuma wasu daga cikin barkwancin sun tsufa. Ƙarfinsa yana wajen masu kallo. Sojan da ke zaton shi kaɗai ne ke ƙin yaƙin a ɗakin kwanansu sai ya shiga zaure ya ga ɗaruruwan masu askin soja irin nasa suna dariya a wuri ɗaya, suna ɗaga dunƙulallen hannu a wuri ɗaya. A ganina wannan haɗuwa ita ce abin da kwamandoji suka fi ƙi, fiye da duk wata kalma da aka furta a kan dandali.

Me ya faru a Fort Bragg, inda aka fara?

Masu shirin sun zaɓi Fort Bragg da gangan, domin kwamandan barikin, Laftanar Janar John Tolson, ya yi suna da sassaucin ra'ayi. Suka aika masa da rubutun wasan, suka nemi izinin yin sa a cikin bariki kamar yadda ake bai wa Bob Hope. Ya ƙi, yana mai cewa wasan zai cutar da ɗa'a da ƙwarin gwiwar sojoji. Sojoji sama da 1,000 suka sa hannu a takardar koke suna neman a bari, amma hakan bai sauya komai ba.

Daga nan aka nemi babban zauren taro na gwamnati da ke Fayetteville, jami'an gari suka hana. Da aka kai ƙara kotun tarayya, alƙali ya ce ba su da hurumin hanawa. Sai aka ɓullo ta wata hanya, aka gindaya sharaɗin inshora mai tsadar da masu shirin ba za su iya cikawa cikin lokaci ba. A ƙarshe, a ranakun 13 da 14 ga Maris 1971, aka yi wasan a cikin gidan gahawa na Haymarket Square, wanda ba ya ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwa, dole aka maimaita shi sau da yawa don mutane su samu shiga. Wannan tsari ne ya yi ta maimaituwa a wasu garuruwa. A San Diego, a watan Mayun wannan shekara, matuƙan jirgin ruwan yaƙi Constellation sun nemi a yi wasan a cikin jirginsu, aka ƙi, aka koma wani zaure a cikin gari.

Shin doka ta bai wa kwamanda ikon hana irin wannan wasa?

A cikin bariki, ta ba shi. Kundin tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki, amma kotuna sun daɗe suna kallon rundunar soja a matsayin al'umma ta daban mai nata ƙa'idoji. A 1974 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da aka yanke wa Howard Levy kansa. A 1976 kuma, a shari'ar da ta shafi likitan yara Benjamin Spock, wanda ya nemi yin jawabin takarar shugaban ƙasa a Fort Dix, kotun ta ce kwamanda yana da ikon hana jawaban siyasa da raba takardu a barikinsa.

A wajen bariki ne maganar ta rikice. A 1969 rundunar sojan ƙasa da Ma'aikatar Tsaro sun fitar da ƙa'idoji kan yadda za a tafiyar da masu adawa a cikin soja. Ƙa'idojin sun yarda soja ya mallaki jaridar adawa, ya kuma je gidan gahawa a lokacin hutunsa, kuma ba a sa irin wannan gida cikin wuraren da aka haramta wa sojoji sai an nuna ana zuga mutane su ƙi aiki ko su gudu, ko ana aikata laifi a ciki. Amma sun hana shiga zanga-zanga cikin kaki, ko a lokacin aiki, ko a ƙasar waje. A takarda dai sojan da ya je kallon FTA cikin farar hula bai yi laifi ba. Sai dai wanda ya san rayuwar bariki ya san cewa na gaba da kai ba ya buƙatar kotu kafin ya gasa maka aya a hannu: ana iya soke hutunka, a ɗora maka gadi a daren da za a yi wasan, a hana ka ƙarin girma, a sauya maka wurin aiki ba zato, ko a sallame ka da takarda mai tabo wadda za ta hana ka samun aiki bayan ka koma gida.

Sojoji sun kuma ga abin da ya sami waɗanda suka wuce kallo. A watan Agustan 1968 an kama sojoji baƙar fata 43 na Fort Hood, daga baya aka gurfanar da su, saboda sun ƙi yarda a kai su Chicago kwantar da tarzoma. A watan Oktoba na wannan shekara, fursunonin soja 27 a barikin Presidio da ke San Francisco sun zauna a ƙasa suna waƙa bayan wani mai gadi ya harbe ɗan uwansu, aka tuhume su da bore, wasu aka yanke musu sama da shekara 10 kafin a rage hukuncin.

Ta waɗanne hanyoyi aka bi wajen murƙushe gidajen gahawan?

Tunda ƙa'ida ta ɗaure hannun kwamanda, sai aikin ya koma hannun hukumomin gari, waɗanda arzikinsu ya dogara ga albashin bariki, kuma ba sa son abin da zai ɓata musu da janar. Masu duba tsabta da jami'an kashe gobara suka riƙa kai ziyara ba ƙaƙƙautawa, ana hana lasisi, ana matsa wa masu gidajen haya su kori 'yan haya, 'yan sanda kuma suna kama ma'aikata kan ƙananan laifuka irin na mota ko zargin tabar wiwi.

Misali mafi tsanani shi ne na UFO. A watan Janairun 1970 'yan sanda suka garƙame gidan, aka tuhumi masu gudanar da shi da laifin damun jama'a, wato tuhumar da aka saba yi wa gidan caca ko na masha'a. Kotu ta yanke wa mutum 3 ɗaurin shekara 6 kowannensu, duk da cewa daga baya an sassauta. A Muldraugh ta jihar Kentucky, kusa da Fort Knox, an jefa wa gidan gahawa bam ɗin fetur, sannan aka tsare wasu daga cikin masu gidan saboda sun ƙi amsa tambayoyin masu binciken kotu. A Oceanside ta California, kusa da sansanin Camp Pendleton, an buɗe wa gidan wata ƙungiyar sojoji masu adawa wuta da dare a 1970, aka raunata wani sojan kundunbala na ruwa. Covered Wagon kuwa ya ƙone ƙurmus a watan Nuwamban 1971.

Ba kullum hukumomi ke yin nasara ba. A ƙarshen 1969 kwamitin ladabtarwa na soja ya nemi haramta wa sojoji shiga Shelter Half, ya sa ranar sauraron bahasi. Sojoji da ɗalibai suka shirya tasu shari'ar a bainar jama'a a Jami'ar Washington da ke Seattle, inda rundunar ce ake tuhuma, kuma da labarin ya yi yawa a jaridu sai kwamitin ya ɗage zamansa. Gidan ya ci gaba da aiki har 1974.

Ina rawar gwamnatin tarayya da hukumomin leƙen asiri?

Tasu ta fi shiru, amma ta fi nisa. A 1970 wani tsohon hafsan leƙen asirin soja, Christopher Pyle, ya tona cewa rundunar sojan ƙasa tana da jami'ai masu farar hula da ke bibiyar tarurrukan farar hula suna tara bayanai, abin da ya sa Sanata Sam Ervin ya buɗe bincike a Majalisar Dattawa. Gidajen gahawa suna cikin wuraren da aka fi cusa wa masu kai rahoto, har ya zamana ma'aikatansu suna zargin juna, wanda hakan kaɗai ya isa ya raunana kowace ƙungiya.

An kuma bi ta aljihu. A 1970 ƙaramin kwamitin tsaron cikin gida na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata James Eastland, ya aika wa bankin da USSF ke ajiya takardar sammaci yana neman bayanan asusunta. Ƙungiyar ta kai ƙara tana cewa manufar ita ce a san masu ba ta gudummawa a tsorata su. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1975 ta ce kotu ba ta da ikon hana majalisa irin wannan bincike.

Su kansu taurarin ba su tsira ba. An kori Jane Fonda daga barikoki da dama a 1970 saboda raba takardu ko yunƙurin yi wa sojoji magana. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kama ta a filin jirgin saman Cleveland bisa zargin shigo da ƙwayoyi, daga bisani aka janye tuhumar da gwaji ya nuna ƙwayoyin bitamin ne. FBI ta tara bayanai masu yawa a kanta, hukumar leƙen asirin sadarwa ta NSA ta sa ta cikin jerin waɗanda ake sauraron saƙonninsu na ƙasashen waje, kuma sunanta da na Dick Gregory sun fito a jerin maƙiyan siyasa da fadar Nixon ta haɗa.

Me ya kai su ƙasashen Asiya, kuma me suka tarar?

A lokacin yaƙin yana komawa na jiragen sama da na ruwa, kuma sansanonin da ke ciyar da shi suna yankin tekun Pasifik. Don haka a watannin Nuwamba da Disamban 1971 ayarin ya bi Hawai, Filifin, Okinawa da Japan, inda ya yi wasa 21 a gaban mutum kimanin 64,000 bisa ƙiyasin masu shirin. Ba a bar su sun shiga ko da sansani ɗaya ba, kuma ba su samu damar zuwa Kudancin Biyetnam ba. A Filifin sun yi wasa a garuruwan da ke gefen sansanin sojan sama na Clark da tashar sojan ruwa ta Subic. A Japan jami'an shige da fice sun fara riƙe su a filin jirgin saman Tokyo kan batun irin bizar da suke ɗauke da ita, kafin a bar su su shiga.

Wannan tafiya ta ƙara wa wasan wata fuska. Okinawa a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Amurka, sai a watan Mayun 1972 aka mayar da ita ga Japan, kuma mutanen tsibirin suna da nasu ƙorafin kan filayen da aka ƙwace aka gina sansanoni. A Filifin da Japan ma haka, akwai ƙungiyoyin 'yan ƙasa masu adawa da sansanonin, irin su Beheiren ta Japan. Ganin sojan Amurka da ɗan ƙasa a zaure ɗaya suna tafa wa magana ɗaya ya damu kwamandoji da gwamnatocin da ke karɓar baƙuncinsu. Gidan gahawa mai suna Hobbit da 'yan Beheiren suka buɗe a Iwakuni a 1972 bai daɗe ba 'yan sandan Japan suka kai masa samame, rundunar Amurka kuma ta haramta wa sojojinta shigarsa, abin da ya fi sauƙin yi a ƙasar waje fiye da a gida.

Da gaske ne Fadar White House ce ta sa aka janye fim ɗin wasan?

Francine Parker ta ɗauki tafiyar Asiya a fim, ta haɗa da hirarrakin da aka yi da sojoji, waɗanda a ganina su ne suka fi wasan kansa daraja, domin a nan ake jin matasa, maza da mata, farare da baƙaƙe, suna magana da bakinsu a gaban kyamara alhali sun san abin da zai iya biyo baya. Kamfanin American International Pictures ya fito da fim ɗin a watan Yulin 1972, amma bayan kimanin mako ɗaya ya janye shi daga gidajen sinima. Parker ta ci gaba da cewa kiran waya ne daga manyan Washington ya jawo haka. Wannan zarginta ne, kuma ba a fito da wata takarda da ta tabbatar da shi ba.

Akwai wani dalilin da yake a fili. A wannan watan ne Fonda ta je Hanoi, ta yi magana a gidan rediyon Arewacin Biyetnam, aka kuma ɗauke ta hoto tana zaune a kan bindigar kakkaɓo jiragen sama. Fushin da hoton ya tayar ya isa ya sa ɗan kasuwa ya janye jiki ba sai an kira shi ba. Ita kanta ta nemi gafarar tsofaffin sojoji kan hoton a 1988, ta kuma maimaita sau da dama. Ko ma wanne ne, fim ɗin ya ɓace shekaru masu yawa, sai a 2009 ya sake fitowa a faifai, aka kuma gyara shi aka mayar da shi sinima a 2021.

Shin kwamandojin ba su da tasu hujjar?

Suna da ita, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Rundunar da ke tsakiyar yaƙi ba ta tafiya sai da biyayya, kuma hafsan da ya san ana jefa wa abokan aikinsa gurneti a tanti yana da dalilin ƙin wasan da ke mayar da hafsoshi abin dariya. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar cewa soja ya nisanci siyasa, wadda ta kare ƙasashe da yawa daga mulkin bindiga. Wasu sojoji da iyalan waɗanda aka kashe ko aka kama sun ɗauki wasan a matsayin cin fuska daga attajiran Hollywood da ba za su taɓa jin ƙarar harsashi ba.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne wajen aiwatarwa. Da a bakin ƙofar bariki aka tsaya, da ana iya kare matakin. Amma an bi wasan har cikin gari, an yi amfani da inshora da lasisi da dokar damun jama'a wajen cimma abin da kotu ta ce ba a da ikon yi kai tsaye, kuma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu ƙananan sojoji ne da matasan da ke dafa gahawa, domin taurarin suna da lauyoyi da 'yan jarida a bayansu.

Yaya abin ya ƙare?

Ayarin ya watse bayan tafiyar Asiya, bai cika shekara guda yana wasa ba. Gidajen gahawan ma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu saboda matsin lamba da ƙarancin kuɗi, wasu saboda rikicin aƙida a tsakanin ma'aikatansu, Oleo Strut kuwa ya rufe a 1972. Babban abin da ya janye musu jama'a shi ne sauyin da aka samu a rundunar. A watan Janairun 1973 aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wutar Biyetnam a Paris, aka kuma daina tilasta wa matasa shiga soja, rundunar ta koma ta masu shiga da son ransu, tare da ƙarin albashi da sassauta wasu ƙa'idojin bariki. A lokacin yaƙin Iraƙi tsofaffin sojoji sun sake buɗe irin waɗannan gidaje, ciki har da Coffee Strong kusa da Fort Lewis a 2008 da Under the Hood a Killeen a 2009, amma masu zuwa ba su kai na zamanin Biyetnam yawa ba.